Abin da Wandon Bawa Ya Kwaso

Salmatu ta cusa hannu cikin damin ciyawar har gwiwar hannu, ta laluba, ta zaro wani dogon reshe mai faffaɗan ganye, ta ɗaga shi sama yadda duk wanda ke gindin bedin, wato darbejiyar da take kasa kaya a inuwarta, zai gani.

"Ɗanmaraya, wanga mi ne ne?"

Ɗanmaraya dillalin tumaki ne daga wajen Maraɗi, kamiyonsa, babbar motar da ya loda su, na tsaye a bakin shingen iyaka tun safe ana jiran takarda. Ya ga damin wasu masu amalanke ya fi nata girma ya saya a can, sannan ba kunya ba tsoron Allah ya kinkimo ya kawo mata ta duba masa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ganye dai, Inna."

"Ganye dai! Duman rafi ne. Ba tumakinka su ci, jibi ka gan su suna rawar kai suna tangaɗi. Zauna nan ka tsince shi tas. Harkiyar da ke ciki mai kyau ce, da gude-guden, su ba ruwansu."

Haka Salmatu take, kuma ba ta neman afuwar kowa a kai. Shekararta ashirin da huɗu a gindin wannan bedin, taku kaɗan daga shingen da ya raba Jibiya da ƙasar Nijar, tana sayar da ciyawa ga masu dabbobin da takarda ta tsayar, da ganyen miya ga matan da ke tsallakawa. Ba ta yi boko ba. Amma a kawo mata tsinke ɗaya, ko busasshe ne, ta murza ta shinshina, sai ta faɗi sunansa, da irin ƙasar da ya fito, da dabbar da ke son sa. Ubanta bai samu ɗa namiji ba, sai ya riƙa jan ta gona tun tana 'yar shekara shida yana nuna mata: wannan kiri-kiri ce, ko kin sare ta sai ta dawo, wannan ƙuduji ne, in kin ga furensa a gindin gero to gonar ta gaji. Da mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona a bakin fadama kan hanyar Riko, ita ke noma abinta, sai ta gama zagaya ta sannan ta hau mota ta taho rumfa.

Ɗanmaraya bai kai rabin damin ba sai ihu ya tashi daga wajen tashar motocin Nijar. Dama ranar garin a tsaye yake. Da asuba 'yan bindiga sun faɗa wa wani ƙauye can yamma, bakin daji, sun kore shanun mutane, sun harbe wani dattijo a ƙofar garkensa. 'Yan sintiri sun bi sawu cikin daji tun rana ba ta fito sosai ba, suka dawo gab da azahar hannu Rabbana, ga gajiya ga yunwa ga baƙin ciki. Mutum a irin wannan hali wanda zai kama kawai yake nema.

Sun kuwa samu. Salmatu ta hango ana jan wani dogon mutum siriri da igiya, an ɗaure masa hannu ta baya, jama'a na bin su yuu. Sai da aka tsayar da shi a filin da ke tsakanin rumfuna da shinge ta gane shi. Bawa ne, ɗan rugar da ke bayan fadamarsu. Kakanninsa a nan aka binne su, uwarsa ma ta yi shekaru tana kawo nono bakin shingen nan kafin ƙafa ta hana ta. Daga cikin mota aka finciko shi. An samu wuƙa a ƙugunsa, kamar yadda za a samu a ƙugun kowane makiyayi, da leda mai turmin zane da sabulu.

Shugaban 'yan sintirin, Badamasi, manomi ne mai furfura tsilli-tsilli, ba mugun mutum ba, amma ranar idonsa ya rufe. Ya tsaya gaban Bawa ya ce, "Ina za ka?"

"Matata Mariyamu ta haihu gidansu, nan bayan iyaka. Gobe suna."

"Da asuba ina kake?"

"Ina wurin shanu."

"Wane wuri?"

Bawa ya yi shiru. Aka sake tambaya, ya sake yin shiru, ya dai sunkuyar da kai. Wani saurayi cikin 'yan sintirin, Mujahid, wanda kawunsa ne aka harbe da asubar, ya kai masa gindin bindiga a baki. Jini ya ɓalle.

Jami'an da ke shingen su biyu ne kacal a lokacin. Ɗaya na ta magana a oba-oba yana cewa a turo mota daga gari, ɗayan ya ware hannu yana ba mutane haƙuri, ba mai jin sa. Ga masu jarkokin mai jere a gefen titi. Sai Salmatu ta ji wani daga baya ya ambaci fetur. Ta taɓa ganin irin wannan sau ɗaya a rayuwarta, ta kuma san motar gari ba za ta iso kafin a gama ba.

Ita ba wata ƙauna ce tsakaninta da Bawa ba, gaisuwa ce kawai. Amma tana da wata ɗabi'a da ta bi jikinta: ba fuskar mutum take fara kallo ba, ƙafarsa take fara kallo, don daga nan take sanin inda ya biyo. Ta dubi ƙafar wandon Bawa. Ta dubi ta Badamasi, ta dubi ta Mujahid. Sai ta juye tafasar da ke kan faifanta cikin kwando, ta juye lalon da ke kan na biyun, ta ɗaura gyale a ƙugu.

"Ɗanmaraya, tashi ka biyo ni."

"Inna, ni baƙo ne, kada..."

"Tashi na ce."

Ta ratsa taron da faifai biyu a hannu tana ture ƙarti da gwiwar hannu, tana cewa, "Ku ba ni hanya, ku 'ya'yan jiya." Rabin waɗanda ke wurin a gabanta aka yi goyonsu, saboda haka suka dare ba su san sun dare ba. Ta tsaya tsakanin Mujahid da Bawa.

"Badamasi, kai nike wa magana. Ku kun shiga dajin yamma yau?"

"Inna Salmatu, koma rumhwarki. Wagga ba maganar mata ba ce."

"Na ji. Kun shiga ko ba ku shiga ba?"

"Tun sahe muna ciki."

"Hanyar da ɓarayin sunka bi kunka bi?"

"Sawunsu munka bi, har inda ya ɓace muna."

"Madalla. To ka ba ni minti biyar. In na yi ƙarya, ga rumhwata can, ku haɗa da ita ku ƙone."

Aka ɗan ja baya aka ba ta wuri. Ba don an yarda da ita ba, sai don mutane na son kallo, kuma wannan sabon kallo ne. Ta ajiye fayafayan a ƙasa. Ita ba za ta taɓa wandon namiji ba, don haka ta sa Ɗanmaraya ya durƙusa ya tsince duk abin da ya manne a wandon Bawa, daga gwiwa zuwa ƙasa, ya zuba a faifai ɗaya, ya cire masa takalmin roba ya kife a gefe. Sannan ta ce Badamasi da Mujahid da wani na ukunsu su tsince nasu da kansu su zuba a ɗayan. Mujahid ya yi tsaki ya ƙi. Badamasi ya daɗe yana kallon ta, sannan ya jingine bindigarsa ya duƙa. Da babba ya duƙa, dole sauran suka bi.

Salmatu ta tsuguna, ta karyi tsinke, ta fara da faifan 'yan sintiri. Muryarta ta koma irin wadda take ciniki da ita, ba gaggawa ba rawa.

"Ƙarangiya dai ga ta nan ga ta can, kowa ya samu rabonai. Kaka ta yi, ko masallaci ka tahi sai ta bi ka. Ba ta shaidar kowa, mu aje ta gehe." Ta ture ta da tsinken. "Wanga kuwa haƙorin maciji ne. Ina yake hitowa? Inuwa, ƙarƙashin itace, inda garma ba ta taɓa shiga ba. Wanga ɗan kaɗafi. Wanga gashin kyasuwa, ku dubi yadda ya cika hwaihwan. Ga tsinken gamba. Mujahid, juya a ga wandonka. Kun ga yagar nan? Sarƙaƙiya ce ta kama shi. Duk ku ukun abu guda kunka kwaso, don hanya guda kunka bi. Akwai manomin da zai ce na yi ƙarya?"

Manoma sun fi rabin taron. Suka leƙo, suka ga abin da suka sani tun suna yara, sai dai ba su taɓa tunanin a jera shi a faifai a yi masa tambaya ba. Wani tsoho ya ce, "Haƙorin maciji ne kam."

Ta jawo faifan Bawa. "To ku nuna mini haƙorin maciji ɗaya a nan. Ɗaya tak. Ku nuna mini gashin kyasuwa. Mutum ya kori shanu a guje cikin dajin da ku kunka bi a hankali, ya hito ko yaga babu? Ga abin da ke nan: 'ya'yan burburwa, ta gona ce. Tsaidau a gindin takalmi, na kan turba ne. Ga baƙar laka, ga ganyen aya-aya liƙe cikinta. Dajin yamma jar ƙasa ce da tsakuwa, ku dubi takalmanku. Wanga mutum hwadama ya taka."

Surutun ya sauya. Da ihu ne, yanzu ya koma gardama, kuma Salmatu ta san mutanen da ke gardama ba su cika kunna ashana ba. Ta ji ƙarfinta ya dawo har wani daɗi na ratsa ta, irin daɗin wanda aka tare shi a kan abin da ya fi kowa sani.

Mujahid ya ce, "Sake wando ya yi."

"Wandon da anka sake ba ya kwaso raɓa. Dubi shatar jiƙa nan, har gwiwa, ta bushe ta bar zane. Ƙarangiyar ma ɗanya ce, matsa ka ji. Da asubar yau ya sha yawo da wandon ga."

"To yawon ina? Hwadama ɗaya ce a duniya? In shina da gaskiya shi hwaɗi wurin, a tahi a gani!"

Maganar ta shiga. Mutane suka koma kan Bawa, a faɗi wuri, a faɗi wuri. Shi kuwa ya ƙara sunkuyar da kai, jini na ɗiga a ƙirjin rigarsa. Haushi ya kama Salmatu. Ga ta ta share masa hanya, shi kuma ya tsaya kamar an dasa shi. Ta sake duƙawa kan faifan ko za ta samu abin da zai yi magana a madadinsa, ta tona tarin ƙarangiyar da ta ture gefe.

A nan ta gan su. Wasu baƙaƙen 'ya'ya ne sirara, tsawon rabin gaɓar yatsa, kamar guntayen allura, kowane da 'yan ƙugiyoyi a kai. Sun fi ashirin.

Ta san su, kuma duk faɗin ƙasar Jibiya wuri ɗaya ta taɓa ganin su. Shekara huɗu da suka wuce wata tirela da ta taso daga kudu ta lalace a bakin shinge da lodin takin kaji, Salmatu ta samu buhu shida ta zuba a kusurwar gonarta ta wajen fadama. Damina na sauka sai ga wata baƙuwar ciyawa mai ɗan farin fure, wadda ubanta bai taɓa nuna mata ba. Ita da ta san sunan komai, ta rasa sunan wannan, sai take ce mata baƙuwa kawai. Kowace shekara ta cire, kowace shekara ta dawo. Kuma a wannan kusurwar ce, sau uku cikin mako biyun nan, ta tarar an sa mata shanu cikin wake kafin gari ya waye. Farin wake ne, irin da ta gada daga uwarta, bana ya yi kyan da bai taɓa yi ba. Shekaranjiya da ta ga abin da aka yi masa, zama ta yi a kan kunya ta yi kuka, ita da ba a cika ganin hawayenta ba, ta kuma ce ko wane ne sai ta ga bayansa gaban mai gari. Yau da safe ma ba ta bi ta gonar ba, don ba ta son ganin abin da ya rage.

Ta ɗago kai. Karon farko Bawa ya dube ta, ya kuma sauke ido da sauri. Ashe shi ya sa ya yi gum. Makiyayi ya buɗe baki gaban manoma ɗari masu jin haushi ya ce da asuba yana cikin waken wata tsohuwa, ai gara ya yi shiru.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, ba kaɗan ba. Ta ji kamar ta kwashi fayafayanta ta koma rumfa, ta bar shi da su. Ba sai ta yi ƙarya ba, shiru kawai za ta yi kamar yadda ya yi. Har ta kai hannu kan faifan. Sai ta ga wani ya aje jarka a bayan Mujahid.

Ta miƙe tsaye, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta zuba baƙaƙen 'ya'yan a tafin hannu.

"Ni na san inda yake da asuba. Gonata yake."

Aka yi caa. Ta jira sai da suka lafa, sannan ta miƙa wa tsohon nan da ya yi magana ɗazu. "Malam, ka girme ni. Mi ne ne sunan wagga?" Tsohon ya juya ta, ya kai kusa da ido, ya girgiza kai. Ƙwayar ta bi hannu-hannu, manomi bayan manomi, har da 'yan Nijar da ke jiran mota. Ba wanda ya san ta. Da ta iso hannun Badamasi sai ya ɗaga gira.

"Wagga ba ita ce ta takin kajin nan ba? Wadda kika dame mu da zancenta?"

Wasu suka yi 'yar dariya duk da halin da ake ciki, don babu mai zama bakin shingen nan da bai sha labarin baƙuwa da takin kaji ba, wasu har sun haddace.

"Ita ce. Ba ta hita ko'ina sai kusurwar gonata, kan hanyar Riko. Gonata gabas take, ƙauyen da anka shiga yamma yake, ga gari tsakani. Sai dai in Bawa hiffike gare shi."

Mujahid ba wawa ba ne. Ya matso, idonsa jawur. "To mi ya kai shi gonarki da asuba da shanu? Ɓarna ke nan! Ku ji fa, da bakinta ta hwaɗi. Su ne dai, in ba su kashe mu ba su cinye muna gona!"

Gunaguni ya sake tashi, kuma wannan karon daga manoman da suka goyi bayanta ɗazu. Kowannensu yana da tasa kunyar waken da aka taɓa cinye masa. Nan ne wurin da ta ji tsoro tun da ta gane 'ya'yan, amma ba ta bari an gani ba.

"Gonar taka ce?" ta ce. "Ta ubanka ce? Na kawo maka ƙara? Ran da na kawo, ka sa shi gaba. Abin da ke tsakanina da Bawa, ni da Bawa ne, kuma ban gaza ba, kun san ni." Ta juya ga taron. "Ku dai kun ce mai kisa kuke nema. To mai kisa bai biyo ta gonata ba."

Sannan ta sassauta murya, don yaron ya ba ta tausayi. "Mujahid, Allah shi jiƙan kawunka, na san shi, mutumin kirki ne. In ka kashe wanga, wanda ya harbe shi na can daji da shanunai, kai kuma ka kwana da jinin mijin mai jego a wuya. Shi ke nan abin da za ka samu."

Mujahid ya sauke bindigarsa. Ya juya baya ya dafa kan wata mota, kafaɗunsa na rawa. Jami'in da ke ba da haƙuri ya ga ƙofa ta buɗe, ya yi maza ya shiga tsakani ya kama igiyar, ya ce za a zaunar da mutumin a ofis, a tura a duba gonar, in maganar tsohuwa ta tabbata shi ke nan. Badamasi ya ce shi da kansa zai je. Mai jarka ya ɗauki abarsa ya sulale, kamar dama wucewa yake.

Salmatu ta koma gindin bedi ta zauna. Ɗanmaraya ya dawo yana ta zuba, wai shi tun daga Maraɗi har Damagaram bai taɓa ganin jandarman da ya kai ta ba. Ta ce ya rufe mata baki ya ƙarasa tsince duman rafinsa.

Ana kiran la'asar Badamasi ya dawo a motar da aka turo daga gari. Ya zo rumfarta riƙe da baƙuwar ciyawar, ya tumɓuko ta har saiwa, wandonsa baƙi ƙirin da 'ya'yanta. Ya ce ya ga sawun shanu sabo, da kashinsu bai gama bushewa ba, an kuma saki Bawa. Sai ya rage murya.

"Inna, waken hwa... ba abin da ya rage ta wajen hwadama."

"Na sani."

"In kina so, ni da kaina in kai maganar gun mai gari."

"In ina so na san hanya. Kai dai tsaya nan ka kakkaɓe wandonka cikin hwaihwan ga, kada ka kai wa gonarka."

Bayan ya tafi ta fara haɗa kaya. Tana ɗaure bakin buhun yaɗiya ta ga inuwar mutum. Bawa ne, leɓensa ya kumbura, ledar zanen a hammata. Ya tuɓe takalmi ya tsuguna nesa kaɗan.

"Inna, ni ne."

"Yanzu kake hwaɗa mini?"

"Duk ukun ni ne, da na yau huɗu. Daji ya gagare mu, bara can anka ƙwace muna rabin garke. Burtali kuma an nome shi. Sun kwana biyu ba su ci ba, na ce bakin hwadama kawai za ni kai su, sai..." Ya shafa kumburarren leɓensa. "Ba ni da ta cewa."

"Ba ka da ita kam. Kada ka ga na yi magana ɗazu ka ɗauka na huce. Ban huce ba. Waken nan irin uwata ne, shekara arba'in yana hannuna, ban taɓa sayen iri a kasuwa ba. Wallahi da na ga abin nan cikin hwaihwai, sai da na so in tashi in bar ka."

"Da kin bar ni, ban ce kin zalunce ni ba."

"Yi mini shiru." Ta ƙara tamke buhun da ƙarfin da bai buƙata ba. "Ka tahi ka yi sunanka. Ran Laraba ka zo mini gona da hwartanya, tun da ka san hanya ko ido ruhe. Shanun ka bar su gida sai an kwashe amfani, sannan ka kawo su su kwana su ba ni taki. Abin da ya tsira na waken mu tsince, ko tiya guda ce, in samu iri. Kusurwar nan kuma, bayana ya gaji da ita. Za ka nome mini baƙuwar nan tas, ka tara, ka ƙone."

Bawa ya dubi ciyawar da Badamasi ya yar a ƙasa, da ɗan farin furenta da ya fara yaushi.

"Har ita, Inna? Ita hwa ta cece ni."

"Da ita za ka hwara."

Daga tasha direban motar Nijar ta ƙarshe ya danna ham, kwandasta na kiran saura mutum ɗaya. Bawa ya miƙe ya sa takalmi, ya juya zai tafi. Idon Salmatu ya sauka inda ya saba sauka. Ɗanmaraya a tsorace gaban wandon kawai ya tsince, bayan ƙafar duk ga baƙaƙen 'ya'yan nan jere.

"Kai, dawo. Ina za ka da su? Mutanen can ba su da ita, ba kai za ka kai musu ba."

Ta tura masa faifan da ƙafa. Direba ya sake danna ham, ta ɗaga masa hannu ya jira. Bawa ya zauna a kan tushen bedin, ya naɗe ƙafa, ya shiga cire su ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana tsaye a kansa tana nuna masa waɗanda ya tsallake.